Duniya Labari: Ƙauyukan Kan Duwatsun Alps da Gadonsu

A tsakiyar nahiyar Turai akwai jerin manyan duwatsu da ake kira Alps, waɗanda suka ratsa ƙasashe takwas, ciki har da Faransa da Italiya da Ostiriya da Suwizalan. A kan gangarensu akwai ƙauyukan da suka shekara ɗaruruwa a zaune, inda dusar ƙanƙara kan rufe gona da makiyaya watanni da dama a kowace shekara. To, yaya waɗannan bayin Allah suka rayu a irin wannan wuri?

Ƙauyen Torbel na lardin Valais a Suwizalan ya isa misali. A shekarar 1483 mutanen ƙauyen suka rubuta yarjejeniya cewa makiyayar kan dutse da daji da hanyoyin ruwa na jama'a ne baki ɗaya, baƙon da ya sayi gona a ƙauyen kuwa ba shi da haƙƙin kiwo a can. A 1517 suka ƙara wata doka, wato kada wani ya tura shanu kan dutse fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da hunturu. Hikimar a fili take: yawan ingiricin da mutum ya tara shi ke ƙayyade yawan shanunsa, daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya ƙetare doka a ci shi tara. Gyaran hanya da magudanan ruwa kuwa aikin gayya ne, cukun da aka samu a raba wa kowa gwargwadon nonon shanunsa.

Da haka makiyayar ta yi ƙarni biyar ba ta ƙare ba. Shehiyar malama Elinor Ostrom ta kafa hujja da wannan ƙauye a littafinta na 1990, don nuna cewa talakawa suna iya tsare dukiyar da suka yi tarayya a kanta ba sai hukuma ta tsaya musu a ka ba. A 2009 ta zama mace ta farko da ta sami lambar Nobel ta tattalin arziki. A 2023 kuma hukumar UNESCO ta sanya al'adar hawa da dabbobi kan duwatsun Suwizalan cikin abubuwan gado na duniya.

Sai dai fa wannan gado yana cikin haɗari. Ɗumamar yanayi ta narkar da kashi 10 cikin 100 na daskararriyar ƙanƙarar Suwizalan a shekarun 2022 da 2023 kaɗai, sanyin da ke riƙe da duwatsu kuma yana raguwa. Ranar 28 ga Mayun 2025 ƙanƙara da duwatsu suka zubo suka binne kusan dukan ƙauyen Blatten, shi ma a lardin Valais. Allah ya sa masana sun hango abin, aka kwashe mutane kimanin 300 kwanaki kafin aukuwarsa, mutum ɗaya ne ya rasa ransa. Amma coci da tsofaffin gidajen katako na kaka da kakanni duk sun tafi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Hukumomin ƙauyen sun ce za su sake gina shi. Kuɗi za su tayar da gidaje, babu shakka. Abin da kuɗi ba za su saya ba shi ne matasan da za su yarda su zauna, su yanki ciyawa, su fita gayya, su kiyaye dokar kakanninsu. In babu su, ƙauye ya zama masaukin 'yan yawon buɗe ido kawai.