KADA ƘAURA TA CINYE KARATUN ƊAN TALAKA

Ya ku 'yan'uwana talakawa, masu rumfa da 'yan tebur da masu sana'ar hannu, yau maganarmu a kan ƙaura take, da irin ɓarnar da takan yi wa karatun 'ya'yanmu.

Talaka ba ya ƙaura don marmari. Ko dai mai gida ya ƙara masa kuɗin haya, ko gobara ta cinye masa jari kamar yadda ta yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin 2016, ko ruwa ya kore shi kamar yadda madatsar Alau ta ɓalle ta malale Maiduguri a watan Satumba na 2024, ko kuwa 'yan bindiga sun hana shi kwana a ƙauyensu. Ranar tashi ba abin da ake mantawa. Gado da tabarma, tukwane da murhu, har turmi da taɓarya, duk sai an ƙirga su a kan mota. Abu ɗaya ake bari a baya, watau karatun yaro. Sai ka ji uba ya ce, "Bari mu zauna tukuna." Mako ya zama wata, wata ya zama shekara. Kafin a farga yaron ya saba da tura baro a tasha, yarinyar ta saba da farantin talla. Sa'an nan a koma ana cewa wai ba su da kan karatu, alhali kuwa mu muka yanke musu shi.

To, jama'a, ku fara sanin haƙƙinku. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimi ga kowa a Sakkwato, kāna a 2004 aka kafa masa doka. Dokar ta ce karatun shekara 9, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. Ta ce uban da ya ƙi sa ɗansa za a tsawata masa a karon farko, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1. Amma ga ɓangaren da ba a cika karanta wa talaka ba: wanda ya karɓi kuɗi a kan wannan karatu na kyauta, shi ma laifi ya yi, kuma hukuncinsa tara ce da za ta iya kai Naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyu. Ba inda dokar ta ce sai ɗan asalin unguwa. Ba inda ta ce baƙo ya jira baɗi. Haƙƙin na yaron ne, duk inda ya sa ƙafa yana biye da shi.

Tun 1989 gwamnati ta kafa hukumar ilimin makiyaya, don ta yarda cewa ɗan Bafulatani mai bin shanu bai cancanci ya rasa karatu saboda tafiyar iyayensa ba. In haka ne, ina dalilin da zai sa ɗan mai sayar da tumatir da ya tashi daga Fagge ya koma Rijiyar Zaki ya rasa nasa?

Amma fa haƙƙi ba ya bin mutum gida, sai an tashi an nema. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ka tabbata za ka tashi, je wurin hedimasta ka roƙi takardar canjin makaranta, wadda za ta nuna sunan yaro da ajinsa, da sa hannu da hatimi. Ka haɗa da sakamakon jarrabawarsa na ƙarshe, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ka naɗe su cikin leda ka ajiye inda kake ajiye takardar rumfarka. Wanda ya je sabuwar makaranta hannu rabbana, sau da yawa sai a mai da ɗansa aji na baya, ɗan aji biyar ya zauna da 'yan aji uku, kunya ta kama shi, ya gudu.

Ka kuma dubi lokaci. Shekarar karatu zango uku ce, kuma a yawancin jihohi cikin Satumba take farawa. In kana da iko, ka tashi lokacin hutu. In yaron yana aji shida na firamare, ko aji uku na ƙaramar sakandare, ko ajin ƙarshe na babba, to ka yi hattara ƙwarai, gama tun watanni kafin jarrabawa ake aika sunayen masu zama. Gara ka bar shi wurin kawunsa ko gwaggonsa ya ƙarasa, da ka ɗauke shi ya yi biyu babu.

In ka isa, kada ka wuce mako ɗaya ba ka kai shi ba. In aka ce maka babu wuri, kada ka juya kana cewa haka Allah ya so. Kowace ƙaramar hukuma tana da sakataren ilimi, sama da shi kuma akwai hukumar ilimin firamare ta jiha. Ka nemi mai unguwa ya raka ka, ko shugaban ƙungiyarku ta kasuwa. In aka nemi kuɗi, ka tambaya cikin ladabi, "Malam, na mene ne?" Ka nemi rasit. Kuɗin da ba a iya rubuta masa rasit, ka san sunansa.

Saura maganar makarantun kuɗi. Ba mu zo zaginsu ba. Da yawa cikinsu suna aiki tsakani da Allah, kuma a sababbin unguwanni sau da yawa su kaɗai ne kusa. Sai dai kada allo mai fenti da rigar makaranta mai kyau su ruɗe ka. Ka yi tambaya uku kafin ka zare ko sisi. Ta farko, Ma'aikatar Ilimi ta amince da makarantar? A nuna maka takarda, ba a gaya maka da baki ba. Ta biyu, ina ɗalibansu suke zaman jarrabawar ƙarshe? Ta uku, nawa ne kuɗin shekara gaba ɗaya, da na littattafai da na riga da na bikin yaye ɗalibai? Sa'an nan ka auna da cinikinka na lokacin da kasuwa ta mutu, ba na jajibirin salla ba. Mun sha ganin yaron da ake korowa gida kowane zango saboda bashi, ranar da uban ya so cire shi kuma a riƙe takardunsa sai ya biya. Makarantar gwamnati da yaro zai zauna shekara cur ta fi ta kuɗi da zai yi rabin shekara a ƙofar gida.

Yanzu kuma ga namu ga masu mulki. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan karatu, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru an ga jihohi suna barin kuɗin nan a ajiye don sun kasa kawo nasu, alhali a 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kusan miliyan 20 ne ba sa makaranta a Nijeriya. Gari yana faɗaɗa ta Kumbotso da Ungogo, ana yanka filaye ana sayarwa, filin makaranta kuwa sai a ƙarshe ake tuna shi, in ma an tuna. Muna kira da abu uku. A gina makaranta a duk inda jama'a suka taru. A hana kowane hedimasta mai da yaro gida don ya zo tsakiyar zango. Wanda kuma wuta ko ruwa ko bindiga ta raba shi da takardunsa, a gwada ɗansa a sa shi ajin da ya dace, takarda ta biyo baya.

Mu ma 'yan kasuwa da sauran aiki a gabanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In baƙo ya kama rumfa a layinku, bayan kun yi masa maraba kun nuna masa masallaci da mai shayi, ku tambaye shi, "Ina yara, an sa su makaranta?" In bai san hanya ba, ɗayanku ya bar tebur na sa'a guda ya raka shi. Cinikin sa'a guda ana mai da shi gobe. Shekarar da yaro ya rasa ba a sayar da ita a kowace kasuwa.

Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Wassalam.