Kafin Ku Ce Birenbos Ta Mutu: Wasiƙa Zuwa Ga Masu Wayarin Mota

Ya ku iyayen gidana da abokan sana'a, da ku yaran gareji da kuke koyon aiki a hannunmu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saurin da muke yi wajen yanke wa birenbos, wato kwamfutar injin, hukuncin mutuwa. Mota ta zo tana kik amma ba ta tashi, babu wuta a filogi, nozul ba ya feshi, aka jona na'urar bincike ta ce ba ta samun magana da kwamfutar injin. Kafin mai mota ya sami wurin zama an ce masa ya nufi Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya nemo wata. Ya sayo da kuɗi masu nauyi, a ɗaura, mota ta ƙi tashi. Alhali duk waɗannan alamomin su ne alamomin birenbos mai lafiya wadda wuta ba ta isa gare ta ba, kuma abin da ke kai mata wutar shi ne babban rile, ɗan akwatin nan da bai fi ƙwanson ashana girma ba.

Ku fara da ido da kunne. A murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada a yi kik. Fitilar injin ta kama? A yawancin motoci birenbos ce ke kunna ta, saboda haka idan sauran fitilu sun kama ita ta ƙi, ko dai ƙwanta ya ƙone ko kwamfutar ba ta farka ba. A saurari famfon mai: ya kan yi ƙugi na kimanin daƙiƙa 2 ya yi shiru. A cire soket ɗin wata sansa, kamar ta totur, a duba ko akwai bolt 5 da birenbos ke fitarwa. Kada kuma hasken na'urar bincike ya ruɗe ku. Soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari yana samun wutarsa kai tsaye daga batir ta ƙafa ta 16, don haka na'ura za ta haska ko da birenbos ba ta cikin motar gaba ɗaya.

Batir ma a auna shi tun farko. Cikakke yana ba da bolt 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin kik ba. Batir mai rauni ya kan sa rile ya riƙa karkarwa yana kamawa yana saki, mu kuwa mu bar jaki mu kama dukan taiki.

Lambobin da ke ƙarƙashin rile ba ado ba ne. Tsari ne na Jamus mai suna DIN 72552, kuma duk yaron da ya haddace shi ya rage wa kansa rabin wahala. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus, 87 ita ke fitar da ita zuwa birenbos da nozul da kwail. Ƙafafu 85 da 86 na naɗin wayar da ke ciki ne, wanda idan wuta ta bi ta cikinsa yake zama maganaɗisu ya jawo ƙarfen da ke haɗa 30 da 87. Hanyoyi biyu ke nan a akwati ɗaya: ƙaramar hanya mai ba da umarni, da babbar hanya mai ɗaukar kaya. Ƙarar “ƙas” da muke ji shaida ce kawai cewa ƙaramar ta yi aiki. Ba ta faɗin komai game da babbar. Bakin ƙarfen na iya ƙonewa ya yi baƙi, ya rufe da ƙara mai daɗi, amma wutar da ke ratsa shi ba ta isa ta ɗaga nozul ko ɗaya ba.

A nan ne mita ke yaudarar masu gaggawa. Mita ba ta cin wuta, shi ya sa wayar da ta ruɓe saura silli ɗaya za ta nuna maka bolt 12 cif. Sai an ɗora mata kaya asirinta ke tonuwa. Cire rilen, ka ɗauki ƙwan babbar fitila mai wat 55, ka jona shi tsakanin ramin 30 da jikin mota. Ƙwan zai ja sama da amfiya 4. Idan ya haska fes, hanyar batir lafiya take. Idan ya yi ja-ja ko ya ƙi kamawa, koma baya ka duba fiyus, da bakin fiyus ɗin, da kan batir. Daga nan ka mayar da rilen, ka kunna makulli, ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan 30 ɗaya a kan 87. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke salwanta a cikin rilen. Lafiyayye ba ya cin fiye da kimanin bolt 0.2. In ka ga rabin bolt ko fiye, bakinsa ya ƙone. Haka za ka auna wayar as, daga ƙafar birenbos zuwa kan batir na negatif. Ƙullin as ɗin da ya yi tsatsa a jikin injin ya sa an zubar da birenbos masu lafiya da yawa.

Naɗin cikin kuwa, a cire a auna tsakanin 85 da 86. Yawanci za a samu tsakanin om 50 zuwa 120.

Sai batun wanda ke ba rilen umarni, kuma motoci sun sha bamban a nan. A da yawa daga cikinsu fozitif yana zaune a gefe ɗaya na naɗin, birenbos ce ke ba da as idan ta ga an kunna makulli. A Toyota da yawa akasin haka ne: kwamfuta ce ke tura fozitif ta ƙafar MREL zuwa rilen da aka rubuta wa EFI a akwatin fiyus. Ko ta wace hanya, birenbos ba za ta kira rile ba sai tana da wutarta ta dindindin, da saƙon makulli, da as mai kyau. Wanda bai tabbatar da waɗannan uku ba, ba shi da hurumin cewa ta mutu. Kuma don Allah wannan ƙwan mai wat 55 kada ya kusanci wayar da ta fito daga birenbos. Abin da ke cikinta an yi shi ne don ɗan naɗin rile, ba don fitila ba. Nan wurin mita ne ko ƙaramar fitilar gwaji ta LED. Idan na'ura ta samu shiga ta ba ka lamba tsakanin P0685 da P0690, da'irar rilen take nunawa baki ɗaya, har da wayoyi da soket da fiyus, ba ɗan akwatin kaɗai ba.

Masu aikin Honda sun san wani ciwo na musamman. Accord da Civic na shekarun 1990, irin su Hala da Bulldog har zuwa Baby Boy, babban rilensu na PGM-FI yana ƙarƙashin dashbod, kuma rile biyu ne a gida ɗaya: na kwamfuta da nozul, da na famfon mai. Dalmar da ta riƙe ƙafafunsa ta kan tsage da tsufa. Da safe mota ta tashi lafiya. Mai ita ya ajiye ta a rana, gilasai a rufe, a irin zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40, ya fito bayan minti goma ta ƙi tashi. Ya buɗe ƙofofi ta sha iska, sai ta tashi kamar ba ita ba. Zafi ne ke buɗe tsagar, sanyi ya rufe ta. Idan aka kawo maka irin wannan da safe ka auna komai ya fito daidai, kada ka sallame ta. Buɗe murfin rilen ka duba dalmar a cikin haske, za ka ga siririn zobe kewaye da ƙafar. A narkar da tsohuwar a zuba sabuwa, aikin minti kaɗan ne. Ni a ganina wannan ya fi sayen na Beljiyam, domin shi ma shekarunsa ɗaya da wanda aka cire.

Musanya rile da na oda ko na fanka don gwaji dabara ce mai kyau, amma a duba zanen da ke jikinsa. Wasu kamarsu ɗaya a waje, jerin ƙafafunsu daban. Wasu kuma akwai dayod a ciki, in aka juya masa wuta ya ƙone. Idan an sa sabo mota ta tashi, a leƙa ramukan soket: bakin da ya saki ko ya yi kore saboda ruwan wankin injin ko ambaliyar damina zai cinye sabon ma cikin ɗan lokaci, robar da ta narke kuwa alama ce ta zafin da rashin kamawa ya haifar. A bi waya a duba cizon ɓera.

Abin da na fi roƙonku a kai shi ne gadar waya tsakanin 30 da 87. A matsayin gwaji na minti ɗaya, da waya mai fiyus, babu laifi. Amma a naɗe ta da salatif a miƙa wa mutum makulli, wannan cin amana ne. Birenbos ba za ta ƙara yin barci ba, batir zai kwana yana tsiyaya. In kuma gadar a kan famfon mai aka yi ta, an cire kariyar da ke tsayar da famfo idan injin ya mutu, ranar da aka yi hatsari fetur zai ci gaba da kwarara. Haka ma sillin tagulla a madadin fiyus: fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa yana nuna waya ta goge tana taɓa jiki, ko wani kwail ya lalace yana jan wuta fiye da kima. A cire soket ɗin kayan da ke bayan 87 ɗaya bayan ɗaya har a gano wanda ke jawo shi, a gyara, sannan a mayar da fiyus mai lambar da kamfani ya rubuta a murfin akwatin.

Allah Ya yi wa sana'a albarka.

Naku,
Wani ɗan'uwanku mai wayarin