Kafin Ki Ɗora Kayan 'Yarki A Babbar Mota

 

Kwanakin baya wata maƙwabciyata a nan GRA, Katsina, ta aurar da 'yarta zuwa Kaduna. Shekara uku tana adashi tana tara kayan ɗaki. Da aka zo kai jere, wani ɗan kamasho ya samo musu babbar mota mai sauƙin kuɗi, ya ce ta kamfani ce. Suna barin gari direba ya ɗora buhunan hatsi da fasinjoji a kan kayan. Kafin su kai Funtuwa taya ta fashe, mota ta kwanta a gefen titi. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma gado da kujeru da tangaran sun tashi aiki. Da aka nemi kamfanin, sai aka tarar ba ofis, ba inshora, ko rasit babu. Sunan ma a jikin ƙofar mota kawai yake.

'Yar'uwa, mukan yi wata guda muna binciken asalin wanda zai auri 'yarmu, amma ba ma yin minti goma a kan wanda za mu damƙa wa dukiyarta, har da ƙannenta maza da ke raka kayan. Haka abin yake ga mai sarin atamfa daga Kantin Kwari, da wadda aka yi wa maigidanta canjin wurin aiki za su kwashe gida. Alhali binciken ba shi da wuya. Ko ba ke za ki je tasha ba, ki rubuta waɗannan tambayoyi ki ba maigida ko babban ɗanki.

Na farko, kamfanin yana da rajista? Hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, tana ba kowane kamfani lamba mai farawa da RC, ƙaramar sana'a kuma mai farawa da BN. A nemi wannan lamba, a duba sunan a shafin hukumar na intanet, kyauta ne, ko da wayar hannu. Amma ki sani, wannan rajista tana nuna akwai wanda za a kama ne kawai idan an sami matsala, ba ta nuna lafiyar motocinsa.

Na biyu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta san da shi? An kafa hukumar a 1988, kuma a 2007 ta fito da wani tsari mai suna RTSSS. A ƙarƙashinsa, duk mai motoci biyar zuwa sama dole ya yi rajista da ita, ya ajiye jami'in kula da kiyaye haɗari, ya riƙa rubuta bayanan direbobinsa da gyaran motoci da haɗurran da suka yi. Hukumar takan duba, sannan ta ba da takardar shaida. A ce su nuna ta. Idan ana shakka, hukumar tana da ofis a nan Katsina, a je a tambaya.

Idan kuwa mai mota ɗaya ne ko biyu, kamar yawancin waɗanda muke hulɗa da su, to a ɗauke shi a tasha, da sanin shugabannin ƙungiyarsu, NURTW ko NARTO. Wanda aka tsinta a bakin titi, a bakin titi zai ɓace.

Na uku, takardun motar kanta. A duba lasisin mota da takardar shaidar lafiyarta da jami'an VIO ke bayarwa, a tabbatar wa'adinsu bai ƙare ba, kuma lambar da ke takarda ita ce a jikin mota. Lambar motar haya da jan rubutu take, ta gida kuma da shuɗi. Shi ma direba a ga lasisinsa. Mai jan tirela, rukunin G ya kamata ya riƙe.

Na huɗu, inshora. A nan ne da yawa ake ruɗinmu. Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wasu ne a hanya, ba ta biyan kayan da aka ɗauko a cikinta. Kayanki suna buƙatar inshorar kaya ta daban. A tambaya ƙarara: idan kayan nan suka lalace, wa zai biya? Amsar kuma a rubuta ta.

Na biyar, a duba da ido. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Idan kin ga 2319, ana nufin mako na 23 na shekarar 2019. FRSC ta ce taya ta gama aiki bayan shekara huɗu. A kuma tambayi na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya sanyawa tun Fabrairun 2017.

Daga ƙarshe, a kafa sharaɗi: ba a ɗora mutane a kan kaya. A Satumbar 2024, a yankin Agaie ta Jihar Neja, tankar mai ta yi karo da tirela mai ɗauke da shanu da fasinjoji, mutane fiye da 40 suka rasu. Kowanensu ɗan wata ne, ko mijin wata. Kada ki yarda ɗanki ya hau bayan mota don rage kuɗin hanya. In babu wuri a gaba, ya bi su a ƙaramar mota.

Kafin mota ta tashi, a rubuta jerin kayan, direba ya sa hannu, a karɓi rasit, a ɗauki hoton lambar mota da na lasisinsa. A ajiye lambar 122 a waya, ita ce ta neman agajin gaggawa ta FRSC.

Na san wata za ta ce, Malama, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ɓata rai don an nemi takardunsa, ya riga ya ba ki amsa, sai ki nemi wani. Araha dai ba ta ado, maƙwabciyata ta shaida, domin har yanzu tana biyan bashin gado na biyu.

Allah ya tsare mana iyalanmu a gida da hanya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.