Kartar Tarot: Bokanci Ne Ya Sako Kwat

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan'uwa matasa, da yawanku ba za su yarda a gan su a ƙofar boka ko gaban mai bugun ƙasa ba. Amma sai ga mutum ya zauna da wayarsa, wata Baturiya a TikTok ko YouTube ta jera katuna uku ta ce ya zaɓi ɗaya, ya zaɓa, ya kasa kunne yana jiran ya ji ko wadda yake so za ta dawo. In ka yi magana, ya ce maka ai tsohuwar hikima ce ta Misirawan farko. To bari mu bi sawun wannan hikima mu ga inda ta fito.

Tarot karta ce ta wasa. A arewacin Italiya aka ƙirƙiro ta wajajen 1440, kuma mafi shaharar tsofaffinta an zana su ne domin gidan sarautar Milan. Katuna 78 ne: 56 na gama-gari, 22 masu hotuna irin su Sarki, Fafaroma, Mutuwa, Shaiɗan, Wata da Rana. Fiye da shekara 300 aikinta wasa ne, har gobe kuma ana buga ta a Faransa kamar yadda ake buga kowace karta.

Zancen Masar fa? Wani malamin coci mai suna Antoine Court de Gébelin ne ya yaɗa shi a 1781. Ya ga ana wasan a wani gida, nan take ya yanke cewa littafin asirin firistocin Masar ne. A lokacin babu mahalukin da ke iya karanta rubutun Fir'aunoni, domin sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma da aka karanta ba a tarar da tarot a ciki ba. Abin dariya, alaƙar gaskiya da Masar daban take: kartar gama-gari ta shiga Turai wajajen 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk, da alamominta na kofi, kuɗi, takobi da sandar folo. Samfurinta yana ajiye a fadar Topkapi ta Santambul, babu hoton mutum ko ɗaya a jikinsa.

Daga nan 'yan kasuwa suka shigo. Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, tsohon mai sayar da irin shuka ne a Faris, shi ya tsara wa katunan fassara ya mayar da duba sana'a. A tsakiyar ƙarni na 19 Eliphas Levi ya ɗaure katuna 22 da haruffan Ibrananci 22, hujjarsa kawai adadin ya zo ɗaya. Wadda kuka fi gani a waya kuwa a Landan aka buga ta a 1909, Arthur Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana. Waite har musanya gurbin katuna biyu ya yi, na 8 da na 11, don su dace da lissafinsa na taurari.

Ku dubi katin mutumin da aka rataye ta ƙafa, kansa a ƙasa. A Italiya haka ake zana maci amana don a tozarta shi a bainar jama'a. Yau masu duba suna cewa yana nufin sadaukarwa da haƙuri. Katin Mutuwa, na 13, ƙwarangwal ne ƙarara, amma sai a ce maka sabon babi ne a rayuwarka, domin wanda aka tsorata ba ya dawowa da kuɗi. Wace irin gaibu ce wannan da fassararta ke bin ra'ayin mai saye?

Ni a ganina, mafi kusa da wannan abu a tarihinmu shi ne azlam, kiban da Larabawan jahiliyya ke cakuɗawa su zaro ɗaya kafin tafiya ko aure. A cakuɗa, a zaro, a bi abin da ya fito. Allah (SWT) Ya haramta su a Suratul Ma'ida, aya ta 3, a aya ta 90 kuma Ya jera su da giya da caca da gumaka. A Suratun Namli, aya ta 65, Ya keɓe sanin gaibu ga kanSa. Imam Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Wanda ya gaskata shi kuwa, ruwayar Imam Ahmad ta kira aikinsa kafirci da abin da aka saukar wa Annabi (SAW). Wal iyazu billah.

Saura masu cewa nishaɗi ne, ba su gaskatawa. Hadisin Muslim a kan tambaya ya yi magana, bai jira gaskatawa ba. Kuma wanda katin ya faɗa masa alheri ya ji sanyi a ransa, ko ya fasa wata tafiya saboda abin da ya fito, ya tambayi kansa me ake kira gaskatawa in ba wannan ba.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.