Mai Jinya Ba Ɗan Dubiya Ba Ne

A watan azumin shekarar 2020, lokacin da Kano ke cikin kulle saboda annobar korona, aka kwantar da kawuna a wani asibiti. Ba korona ce ta kama shi ba, hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Kwana biyu da kwanciyarsa aka kafa dokar hana shiga, aka fitar da kowa, har da matarsa. Kullum da yamma sai ta miƙa wa mai gadi kular abinci, ta koma gindin bishiya ta zauna, ba ta san ko ya ci ko bai ci ba. A dare na shida aka kira mu a waya aka ce ya cika. Har yau tambayarta ɗaya ce: shin an samu wanda ya laƙanta masa kalmar shahada?

Ba na zargin likitoci da nas-nas. Cutar tana yaɗuwa ta numfashi, su ma rayukansu na cikin haɗari, kuma cunkoson 'yan dubiya a ɗakin marasa lafiya hanya ce ta kai ta gida-gida. Hana dubiya a wannan hali daidai ne, duk da matsayinta a addini da zumunci. Kuskuren shi ne haɗa mai jinya da ɗan dubiya a ƙarƙashin doka ɗaya.

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a barandar asibitinmu ya san bambancin. Ɗan dubiya yakan zo ya yi sannu, ya yi addu'a, ya tafi. Mai jinya kuwa shi ke sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya karɓo sakamako. Shi ke ba da abinci a baki, ya juya mara lafiya don kada gyambon kwanciya ya fito, ya kira nas idan ƙarin ruwa ya ƙare. Sau da yawa shi ne tafinta tsakanin tsoho da likita. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, fitar da shi rage jinyar ce kanta. Wanda aka bari a waje kuma yana ɗauke da nasa ciwon: fargaba, jita-jita, da ganin kamar ya yi watsi da nasa. Wannan ne ke sa wasu iyalai su ɓoye mara lafiya a gida har lokaci ya ƙure.

Annoba ba ta yi bankwana da mu ba. Zazzaɓin Lassa na dawowa duk rani, mashaƙo kuma ya addabi Kano a 2023. Don haka nake kira ga hukumomin lafiya su tsara doka tun yanzu. Idan cutar ba mai yaɗuwa ba ce, a bar wa mara lafiya mutum ɗaya, a ba shi takunkumi, a koya masa wanke hannu. A ɗakunan killacewa, a ware ma'aikaci da lambar waya don sanar da iyalai halin da ake ciki kowace rana. Idan kuma aka ga alamun ajali, a sa wa ɗan'uwa ɗaya kayan kariya ya shiga.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu babu nasu a kusa, Ya ba iyalansu haƙuri.