Kafin Ka Ƙara Wa Turbo Ƙarfi, Ka Tambayi Birkinka

Idan kana bin shafukan motoci a TikTok ko Instagram, ka san irin bidiyon. An jona kwamfuta a jikin mota, an ɗan danne-danne, sai a tayar da ita salansa na harbi kamar bindiga, allurar maleji na haurawa cikin ƙiftawar ido. Kana kallo kana ayyanawa a ranka cewa Passat ɗin gidanku ko Sharon ɗin da kake lodi da ita ma za ta iya. Za ta iya ɗin kuwa, wannan ba ƙarya ba ne. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne irin man da ke cikin tankin, da yanayin garin, da titin da aka ɗauke shi a kai. Ko ɗaya daga ciki bai yi kama da abin da kake da shi tsakanin Kwanar Dangora da Doguwa ba.

Bari mu fara da shi kansa turbo. Ba sabon abu ba ne, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar fasahar tun 1905. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata da ke ɗura iska da ƙarfi cikin injin. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Fankar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900 a injin fetur. Baƙin mai na cikin abin da ke tsare ta daga ƙonewa.

Masu gyaran da kake gani suna shiga birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, su sauya lissafinta don turbo ya ƙara matsa iska, nozul ya ƙara feshin mai, fulogi ya sauya lokacin ba da wuta. Ɗauki injin Volkswagen 1.8T da ke cikin wasu Passat da Golf 4 da Sharon. Da yawansu sun fito daga kamfani da ƙarfin doki 150, kuma da taɓa ƙwaƙwalwa kawai ana iya kai su wajen 180 ko fiye. To me ya hana kamfanin ba ka wannan ƙarfin tun farko? Ya bar rata ne saboda ranar da za ka sha mai mara kyau, ko ka yi tafiya cikin tsananin rana, ko ka makara wajen juyen baƙin mai. Mai kwamfuta wannan ratar yake sayar maka, kuma a nan ƙasar kusan kullum cikinta kake tafiya.

Dubi mai. Da yawa daga cikin lissafin da ake saukowa da shi daga intanet an tsara shi ne don fetur mai lamba 98, irin wanda ake samu a Jamus. Namu na gidajen mai bai kai nan ba, wajen 91 yake, balle wanda ka saya a galan a bakin hanya ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan ya lalata wa mutane motoci. Idan an matsa iska sosai a kan mai mai ƙaramar lamba, man kan fashe da kansa ba bisa tsari ba. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar fistan take ci, kuma idan aka ci gaba da taka totur a haka, sai dai a sauke inji.

Sai zafi. A watan Afrilu zafin Kano yana wuce digiri 40. Iskar da aka matsa zafi take ƙarawa, shi ya sa ake da intakula da ke sanyaya ta kafin ta shiga inji. Wadda ke jikin motarka an auna ta ne da ƙarfin kamfani. Ga kuma ƙurar hunturu. Wasu kan cire matatar iska ta asali su ɗaura buɗaɗɗiya don su riƙa jin huci idan sun saki totur. A kan hanyoyin ƙasa na ƙauyukan Kiru da Bebeji, wannan daidai yake da watsa wa fankar turbo yashi da hannunka.

Kada ka manta kuma da shekarun motar. Golf 4 tun wajen 1997 aka fara ƙera ta. Wadda ke hannunka ta gama rayuwarta a Turai, ta zo nan ta wuce hannu biyu ko uku, wataƙila wani bakanike ya cire mata tamostat da daɗewa, lagireto na shan ruwan rijiya. Tsohon doki ne, ka zo kana ƙara masa bulala. Turbo ɗaya idan ya mutu, je ka Kofar Ruwa ka tambayi farashin na Belgium, ka haɗa da kuɗin aiki, sannan ka lissafa da kuɗin mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Mota mai ƙarin ƙarfi, in dai ana taka ta, ƙarin mai take sha.

Asarar inji dai aljihunka za ta taɓa, kai kaɗai. Maganar titi kuwa ta shafi kowa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai yana ninkuwa sau huɗu. Daga kilomita 80 zuwa 120 a awa, ya ninka fiye da sau biyu. A gudun 120, kowace daƙiƙa ɗaya kana cinye mita 33, tun ma ƙafarka ba ta bar totur ta koma kan birki ba. Kwamfutar da ta ƙara maka doki 30 ba ta ƙara wa birkinka komai ba, ba ta kuma sabunta tayar tokumbo da ke ƙarƙashinka ba.

Yanzu ɗauko wannan lissafin ka ɗora a kan hanyar da ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa Dajin Falgore zuwa Doguwa har Saminaka. Hanya ce ta gwamutsa, mai zuwa da mai dawowa a kwalta ɗaya. Akwai garken shanu da ke tsallakawa ba sallama, akwai mai babur da ya ɗauko buhun masara biyu da matarsa, akwai babbar motar da ta lalace a kwana ba alama sai ganyen da aka zuba, akwai ɗan makarantar da aka aika ya tsallaka titi. Babu wanda ya sa hannu cewa ya yarda ya shiga bidiyonka. In kuma abin ya faru a tsakiyar daji, kafin a kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiya ce mai nisa, jini kuwa ba ya jira.

Doka ma ba ta tare da kai. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ga ƙaramar mota ita ce kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Tun 2017 take tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Motarka yadda take daga kamfani ta riga ta fi ƙarfin waɗannan lambobin. In kuwa ta haya ce, ka sani fasinja kuɗin isa gida ya biya, amana ce a wuyanka.

Son mota ba laifi ba ne, kuma matashin da ya iya karanta birenbos da kwamfuta sana'a ce mai tsada a hannunsa, domin motocin yanzu duk haka suke zuwa. Idan kana da kuɗin kashewa, fara daga ƙasa. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayarka, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ta tsufa, sauya ta. Sa faya-fayan birki masu kyau, ka juye man birki duk shekara biyu, don yana shan danshi, idan ya yi zafi sai ya tafasa ka ji birki ya tafi ƙasa. Mayar da tamostat, ka zuba ruwan lagireto na gaske. Yi amfani da baƙin man da kamfani ya rubuta, kuma bayan doguwar tafiya ka bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada man ya ƙone a cikin turbo. Mutane da yawa idan sun yi wannan sai su ga ƙarfin da suke nema dama yana nan, rashin kula ne ya binne shi.

Ga hukumomi kuma, kame kaɗai bai taɓa raba matashi da sha'awarsa ba. A ƙasashen da wasan mota ya zama sana'a, fili ake killacewa, da shinge, da hular kwano, da motar asibiti a tsaye. Gwamnatin Kano da ƙananan hukumomin kudancin jihar ba su rasa filin da za a yi haka ba. Kafin a samu wannan, kai mai sitiyari a hannu, ka tura wa abokinka wannan rubutu, musamman wanda ya riga ya yi alƙawari da mai kwamfuta. Ka ce masa ya leƙa ƙarƙashin motar tukuna ya karanta shekarar tayarsa.

Allah ya kiyaye hanya.