Kyamarar hutu: a nemi kunne kafin ido

Duk shekara, idan babban hutu ya matso, kwamitocin ƙungiyoyin al'adu da na ɗalibai ƴan asalin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji sukan zauna su tsara yawon da za su yi a ƙauyuka, daga nan sai a tashi wani ya je Maraɗi ya sayo ƴar ƙaramar kyamarar bidiyo. Ɗan aiken kan dawo yana alfahari da abu biyu: na'urar tana shiga aljihu, kuma an rubuta a jikinta cewa tana jawo abin da ke nesa sau ɗari-ɗari. Ba wanda ya tambaye shi ko tana ji.

Wannan babbar lamba da ke ruɗin masu saye yaudarar kasuwa ce. Jawowar gaskiya gilashin kyamara ne ke yin ta, kuma iyakarta kaɗan ce. Abin da ya wuce nan buɗa hoto ne kawai har ya dagule, kamar mai ƙara wa fura ruwa don ta ishi baƙi. Mene ne ma abin jawowa daga nesa a hutun ƙasar nan? Hutunmu damina ce. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne waƙar gayya a gona, da gaɗar ƴan mata a dandali, da tatsuniyar tsohuwa bayan sallar isha'i, da kirarin maroƙa a ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, da bayanin manomin Ɗan Saga kan yadda ake sassabe a bar tohon itace ya zama gawo. Dukkansu magana ce, kuma rabinsu cikin duhu ake yin su. Kyamarar da ba ta da ramin da za a soka makirufo na waje za ta dawo da hoton dattijo yana motsa baki, iska tana buga kunne, jaki yana kuka a bayan gida. Malamin Hausa da ya zauna zai rubuta abin da aka faɗa don ɗalibansa ba zai tsinci jimla ɗaya cikakkiya ba.

Masu ilmin ƙungiya sukan kawo misalin Jean Rouch, wanda ya bi kogin Kwara a 1946 da 1947 da kyamarar hannu mai wani, su ce ai ƙaramin kaya ya isa. Sun manta cewa waccan na'ura kurma ce, kuma a fim ɗin da ya fito da Umaru Ganda a 1958 sai daga baya aka ɗora muryarsa a kan hoto. Rouch yana da ɗakin aiki da zai koma. Ƙungiyar ƙauye ba ta da shi, kuma tsohuwar da aka ɗauka bana ba lalle ba ne a same ta baɗi.

Wasu kuma sun ce wayar hannu ta kashe zancen. Ta rage shi dai. Wayar mutum ɗaya ce, ba ta ƙungiya ba. Ranar da ta faɗa rijiya ko aka sayar da ita, aikin hutu ya bi ta, sai guntayen da WhatsApp ya matse ya rage musu kyau.

Laifin da ya fi girma shi ne na adana. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990 bidiyo ya shiga rayuwar Hausawa, aka bi VHS da Hi8, sannan MiniDV da ta fito a 1995. Ina kaset-kaset ɗin makon al'adu da na kokowa da aka cika a waɗancan shekaru? Waɗanda suka tsira daga zafi da ƙura suna kwance cikin akwati, babu na'urar da za ta karanta su, kwamfutocin yau kuma ba su da ramin FireWire da ake juyar da MiniDV da shi. Katin ajiya na yanzu bai fi su amana ba, don an fi saurin goge shi a ɗauki biki. Dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma ƙungiyoyin da ke tafa wa wannan mataki su ne ke barin muryoyin masu harshen suna ruɓewa a kwali.

Saboda haka kafin a ba ɗan aike kuɗi, kwamiti ya raba su kashi biyu. Rabi na kyamara mai ramin makirufo, mai gani a hasken fitila, mai batir da ake cirewa; wanda ya tuna yadda aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023 ya san amfanin batir na biyu da ɗan faifan hasken rana. Sauran rabin na makirufo da rigarsa ta tare iska, da ma'ajiya biyu da za a ajiye a gidaje daban-daban, da littafin da za a rubuta sunan gari da rana da wanda ya yi magana, bayan an nemi yardarsa. Kwafi na uku a nemi kai shi cibiyar CELHTO a Yamai, wadda aikinta tun 1968 shi ne tattara tarihin baka.